INA AKA KWANA A KAN MA'AIKATAR MOTOCI TA MINNA?

Duk ɗan Arewan da ya taɓa zama a Ikko, musamman waɗanda suka yi kasuwanci a Alaba Rago ko suka yi acaba a wajajen Ojo, ya san tashar nan da 'yan kwandasta ke kira "Volks" a kan hanyar Badagiri. Sunan ya samo asali ne daga ma'aikatar Volkswagen da aka buɗe a wurin cikin 1975, wadda ta riƙa harhaɗa 'yar dunƙulen motar nan da Yarabawa ke kira Ijapa, watau kunkuru. To, a cikin wannan tsohuwar ma'aikata ce, a watan Afrilu na 2014, aka fito da motar Nissan Patrol ta farko da aka harhaɗa a Nijeriya, bisa yarjejeniya tsakanin kamfanin Nissan na Jafan da kamfanin Stallion. Jaridu sun buga labarin, an ɗauki hotuna, an yi murna. Abin da ba kowa ya tuna ba a lokacin shi ne, baƙon ya makara da shekara 32, kuma ba a garin da aka share masa masauki ya sauka ba. Minna aka ce zai sauka.

Ga yadda abin yake. A cikin 1982, zamanin mulkin Alhaji Shehu Shagari, Gwamnatin Tarayya ta kammala yarjejeniya da kamfanoni biyar don su kafa ma'aikatun harhaɗa ƙananan motocin ɗaukar kaya da fasinja, irin su a-kori-kura da ƙananan bas-bas. Aka ba Mitsubishi Ilori, aka ba Peugeot Gusau, Isuzu aka ce ya tafi Maiduguri, Mazda kuwa Umuahiya, sa'an nan Nissan ya zo Minna. A lokacin Jihar Neja shekararta shida kacal da kafuwa, Alhaji Awwal Ibrahim ne gwamna, Minna kuwa garin reluwe ce da aka wayi gari an ɗora mata nauyin zama babban birnin jiha. Daga cikin ma'aikatun nan biyar babu ko ɗaya da ta tsaya da ƙafarta a garin da aka ambata. An sa hannu, an rufe fayil, shi ke nan.

Dalilin da ya sa muka tono wannan tsohuwar magana shi ne, kusan kowace gwamnati da ta hau sai ta sake yi mana alkawarin "motar Nijeriya", kuma mu da muka baro gida muka zo Kurmi neman abinci muna da haƙƙin sanin me ya kashe alkawarin farko kafin mu tafa wa na gaba. Ai mu ne masu jan tirelolin shanu zuwa Oko-Oba, mu ne masu sauke tumatir da albasa a Mile 12, mu ne masu kwana a layin tankoki a Apapa. Rayuwarmu a kan taya take, amma ko ƙusa ɗaya ta cikin motocin nan ba a garuruwanmu aka yi ta ba.

ZAMANIN DA KUƊI KE NEMAN INDA ZA A KASHE SU

Idan mai karatu bai manta ba, ko kuwa ya ji daga bakin magabata, shekarun da suka biyo bayan yaƙin basasa shekaru ne na ambaliyar kuɗin mai. A cikinsu ne gwamnati ta haɗa jari da Turawa ta kafa manyan ma'aikatun motoci shida. Peugeot, da muke kira Fijo, a Kaduna. Volkswagen a Ikko. Leyland a Badun. Steyr a Bauci. Fiat a Kano. Da kuma ANAMMCO a Inugu mai harhaɗa manyan motocin Marsandi. Ta Kaduna ta fara aiki cikin 1975, daidai lokacin da kuɗin Udoji suka shiga aljihun ma'aikata, kowane akawu yana neman bashin mota. Da Janar Obasanjo ya hau, ya mai da Fijo 504 motar gwamnati, sai kasuwa ta buɗe sosai. Motar kuwa ta yi halin kirki, ba a raina mata ba. Ta san ramukan hanyoyinmu, kowane bakanike ya san cikinta, shi ya sa aka ci gaba da harhaɗa ta a Kaduna fiye da shekara ashirin bayan an daina yin ta a Faransa cikin 1983.

Amma ga wani abu da ya kamata a tsaya a duba. Kayan da ake haɗa motocin Kaduna da su, a jirgin sama ake kwaso su daga birnin Liyon na Faransa a sauke a Kano, sa'an nan a ɗora wa manyan motoci su kai Kaduna. A lura fa, inji da giya da ƙarafan jikin mota a jirgin sama! Cunkoson da tashar jiragen ruwa ta Ikko ta yi fama da shi a wancan lokaci na daga cikin dalilai, amma duk da haka wannan aiki ne na mai kuɗin da bai san zafinsu ba. Muddin Naira ɗaya tana sayen kusan Dala biyu, kamar yadda take a 1980, lissafin yana fita. Ranar da Naira ta yi tuntuɓe, lissafin ya watse.

Tuntuɓen kuwa bai yi jinkiri ba. A farkon 1981 Nijeriya tana haƙo gangar mai fiye da miliyan biyu a kowace rana. Kafin ƙarshen daminar shekarar abin ya faɗo ƙasa da miliyan ɗaya, domin mai ya yi wa kasuwar duniya yawa. A watan Afrilu na 1982 Shugaba Shagari ya kai wa majalisa dokar tsuke bakin aljihu, aka ƙuntata shigo da kaya, lasin ya zama sai mai uwa a gindin murhu. Watau a shekarar da aka sa hannu a takardar Nissan ta Minna, a shekarar ce kuɗin da za a gina ta suka ƙare. Ma'aikatu shidan da ke aiki ma sun fara rasa kuɗin musaya da za su sayo kayan haɗi, balle a yi maganar sababbi biyar. Ranar ƙarshe ta 1983 soja suka karɓe mulki, maganar ta bi ruwa.

HARHAƊAWA DABAN, ƘERAWA DABAN

A nan ne, a ganina, aka yi mana rufa-ido, ko kuma muka yi wa kanmu. Masana sun ce mota ɗaya tana ɗauke da ƙananan sassa wajen 30,000 in aka ƙirga har da noti da kusoshi. Ƙasar da ke ƙera mota ita ce wadda ke narka ƙarfen, ta murza shi ya zama falle, ta zuba inji, ta yi gilashi da taya da batir da waya. Wanda aka aiko masa da kaya cikin akwati ya ɗaura, tela ne da aka yanka masa yadi aka ce ya ɗinka. Ɗinkin ba laifi ba ne, domin da shi kowa ya fara. Laifin shi ne a shekara talatin ana ɗinki ba a koyi yanka ba.

Shi kansa kamfanin Nissan da ɗinkin ya ƙara ilminsa. An kafa shi cikin 1933, ya yi suna da motocin Datsun, amma bayan yaƙin duniya na biyu Jafanawa suka ga an bar su a baya. A ƙarshen 1952 Nissan ya ƙulla yarjejeniya da kamfanin Austin na Ingila, ana aiko masa da kaya yana harhaɗawa, daidai irin abin da aka yi a Kaduna. Bambancin shi ne an rubuta cikin yarjejeniyar cewa a hankali za a riƙa maye gurbin kayan Ingila da na gida, kuma zuwa 1956 motar Austin da ke fita daga ma'aikatar Nissan gaba ɗayanta a Jafan aka yi ta. Bai cika shekara huɗu yana almajiranci ba ya yi sauka.

Koriya ta Kudu ma haka. Kamfanin Hyundai ya fara ne da harhaɗa Ford Cortina cikin 1968. A 1975, shekarar da aka buɗe Kaduna da Ojo, ya fito da tasa motar mai suna Pony, da injin Mitsubishi a cikinta, da wani Bature da aka ɗauko daga British Leyland yana lura da aikin. Ba su ji kunyar aro ba. Amma tun 1973 ma'aikatar ƙarfensu ta Pohang ta fara narka ƙarfe, watau sun dasa gindi kafin su nemi reshe. A 2022 da 2023 rukunin Hyundai shi ne na uku a duniya wajen sayar da motoci, bayan Toyota da Volkswagen.

Misalin da ya fi ci mini rai shi ne na Indiya, domin sa'ar Minna ce. A watan Oktoba na 1982 gwamnatin Indiya ta sa hannu da kamfanin Suzuki na Jafan, a Disamba na 1983 motar Maruti ta farko ta fito. Ƙaramar mota guda ɗaya suka kama, mai araha, suka yi ta buga ta da yawa har masu ƙananan ma'aikatu suka ga akwai riba su riƙa yi mata fitila da kujera da birki. A cikin 2024 kaɗai kamfanin ya ƙera mota miliyan biyu. Takardarsu da tamu shekara ɗaya aka rubuta su.

Mu kuwa me muka shirya yi? Muna da ma'aikatu shida masu iri shida, muka ce za mu ƙara biyar masu iri daban-daban, kowacce a wata kusurwa ta ƙasa don kada wani yanki ya ce an manta da shi. Rabon ya yi kyau a siyasance, amma ba ya ciyar da maƙeri. Birkin Mazda ba ya shiga Isuzu, fitilar Nissan ba ta shiga Mitsubishi. Wane ɗan kasuwa ne zai zuba jarinsa ya sayi injin buga wani sashe na mota alhali 'yan dubbai kaɗan za a saya a shekara? Tun 1913 Henry Ford na Amurka ya nuna wa duniya cewa sirrin araha shi ne a kama iri ɗaya a yi shi da yawan gaske. Motarsa Model T ya buga fiye da miliyan 15 kafin ya daina a 1927. Bugu da ƙari, gindin da ya kamata mu dasa, watau Ajakuta, an ba Rashawa kwangilarsa tun 1979 kuma har yanzu bai narka ƙarfen da aka gina shi dominsa ba. Ma'aikatun murza ƙarfe na Katsina da Jos da Oshogbo kuwa rodin gini aka tsara su yi, ba fallen jikin mota ba.

Akwai masu cewa, ai Minna ta haifi shugabannin ƙasa biyu, Janar Ibrahim Babangida da Janar Abdulsalami Abubakar, me ya hana a farfaɗo da maganar? Tambayar tana da daɗin yi a majalisar mai shayi, amma amsarta a fili take. A watan Satumba na 1986, a ƙarƙashin shirin gyaran tattalin arziki na gwamnatin Babangida, aka saki Naira a kasuwar musaya, cikin ɗan lokaci Dala ɗaya ta koma wajen Naira huɗu. Farashin kowane akwatin kayan haɗi ya ninka, albashin akawu bai ninka ba. Sabuwar Fijo ta fi ƙarfin wanda aka yi ta dominsa. Daga nan ƙofar tsofaffin motocin Turai ta buɗe, waɗanda a nan ake kira tokumbo, a gida kuwa mu ce 'yar Kwatano. Volkswagen ta Ojo ta yi shiru, ta Fiat a Kano da Steyr a Bauci da Leyland a Badun suka bi layi, aka sayar da hannun jarin gwamnati ga 'yan kasuwa. Hatta masu yin taya ba su tsira ba: Michelin ya rufe ma'aikatarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya rufe tasa ta Ikko a 2008. Saboda haka gaskiyar da ba ta da daɗin ji ita ce, da an gina ma'aikatar Minna a 1983, da wuya ta wuce 1990 tana numfashi. Da yanzu wani kango ne a hanyar Chanchaga ko Bosso da awaki ke kwana a ciki.

Wannan ba ya nufin ba a yi asara ba. A Kakuri ta Kaduna an ga yadda ma'aikatar Fijo ta yaye ƙwararrun masu walda da fenti da lantarki waɗanda suka ci abinci da sana'ar har tsufansu, suka kuma koyar da yara. Ko shekara bakwai ma'aikata ta yi, tana barin hannaye masu sani. Wannan shi ne abin da Minna ba ta samu ba, kuma jikokin waɗanda da su za a ɗauka aiki suna cikin matasan da suka cika Ikko da babura, har gwamnatin jihar ta hana acaba a manyan ƙananan hukumomi a 2020, ta ƙara tsanantawa a Yuni na 2022. Babur ɗin ma da aka ƙwace musu, yawanci Bajaj ne na Indiya.

ALKAWARI NA BIYU

A watan Oktoba na 2013 gwamnatin Goodluck Jonathan ta fito da sabon tsarin masana'antar motoci, aka ɗora harajin kashi 70 cikin ɗari a kan sabuwar motar da aka shigo da ita a haɗe, don a tilasta wa kamfanoni su zo su harhaɗa a gida. Wannan ne ya kawo Nissan Ojo. Kamfanoni da dama suka karɓi lasin, amma da yawansu abin da suke yi bai wuce ɗaura taya da kujeru a jikin motar da aka riga aka gama a waje ba. Ba a mai da tsarin doka mai ɗorewa ba, kuma dokar kuɗi ta 2020 ta zaftare harajin ƙari da ke kan motoci zuwa kashi 5. Wanda ya zuba jari bisa alkawarin 2013 ya wayi gari an janye masa tabarma. Ko shakka babu masu saye sun ji sauƙi a lokacin, kuma ba za a ga laifin direban da ke neman mota mai araha ba. Amma ba a gina masana'anta da dokar da ke canza launi kowace shekara bakwai.

Duk da haka akwai waɗanda suka daure. A Nnewi ta Jihar Anambara, Innocent Chukwuma, wanda ya fara da sayar da kayan gyaran babur, ya buɗe ma'aikatar Innoson cikin 2010. A Kaduna kuma, kamfanin Dangote ya haɗa jari da masu Peugeot da wasu gwamnatocin jihohin Arewa, aka fara harhaɗa motoci a sabuwar ma'aikata kan hanyar Abuja cikin 2022. Darasin Nnewi ya fi jan hankalina, domin ba takardar Gwamnatin Tarayya ce ta kai musu ma'aikata ba. 'Yan kasuwar safaya ne suka gaji da saro kaya daga Taiwan, suka sayo injunan suka fara yin batir da roba da birki da kansu. Daga ƙasa abin ya taso.

Ita ma duniyar ta juya. Kamfanin da muka yi shekara 32 muna jira yanzu ta kansa yake yi: a Fabrairu na 2025 maganar haɗewarsa da Honda ta rushe, a watan Mayu kuma Nissan ya ba da sanarwar zai rage ma'aikata 20,000 ya kuma rufe ma'aikatu 7 daga cikin 17. Ƙasar Sin, wadda a 1982 kekuna suka cika titunanta, ta ƙera mota fiye da miliyan 30 a 2023, ta kuma ture Jafan daga matsayin wadda ta fi kowa fitar da motoci waje. A nan Afirka, Maroko ta jawo Renault zuwa Tanja a 2012 da Peugeot zuwa Kenitra a 2019, ta haɗa musu tashar ruwa da layin dogo da makarantun koyon sana'a, har ta ƙera mota fiye da rabin miliyan a 2023. Babu kamfanin da zai zo Minna yau don an rubuta sunanta a takardar rabon arzikin ƙasa.

To me Minna ke da shi? Ba kaɗan ba. Jihar Neja ce ke ɗauke da madatsun Kainji da Shiroro da Zungeru, ga na Jebba a kan iyakarta; Zungeru kaɗai megawat 700 aka gina shi ya bayar. Akwai Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a garin tun 1983. Tsohon layin dogo na Ikko zuwa Kano ta tsakiyar garin ya ratsa, Abuja kuwa kimanin kilomita 150 ce daga garin. Sa'an nan akwai Ƙetaren Gwari, inda kanikawa da masu gyaran jiki da masu safaya ke ta da motar da Bature ya riga ya yi wa sallar gawa. Amma kowanne daga cikin waɗannan yana da "sai dai" a bayansa. Wutar ana tura ta wasu jihohi, mai walda a Minna yana sayen man janareta. Sabon layin dogo ya tsaya a Badun daga kudu, ya tsaya a Abuja daga ɗaya ɓangaren, tsakiyar da Minna take ba a shimfiɗa ba. Tashar ruwa ta Baro da Shugaba Buhari ya buɗe a Janairu na 2019 ba ta zama hanyar kaya ba. Hanyar Suleja zuwa Minna kuwa, direbobinmu sun fi ni sanin shekarun da aka yi ana aikinta.

A watan Maris na 2024 Shugaba Tinubu ya je Minna ya ƙaddamar da taraktoci da injunan noma da gwamnatin Umaru Bago ta sayo. Abu ne mai kyau, jihar ta noma ce. Amma a tuna, Steyr ta Bauci da Fiat ta Kano har da tarakta suke harhaɗawa shekara arba'in da suka wuce. Kowace tarakta tana bukatar garma da tirelar ja da faifan haro da matatar mai da batir, kuma duk shekara sai an canza wasu. Waɗannan ba su fi ƙarfin maƙeran Panteka ta Kaduna ko na Ƙetaren Gwari ba in aka ba su wuta da ƙarfe mai kyau da injiniyan jami'a da zai auna musu. Haka maganar mai da motoci su yi aiki da iskar gas, wadda ta taso bayan janye tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023, da kekunan hawa masu batir da suka fara shigowa. Injin lantarki sassansa ba su kai na injin fetur yawa ba, saboda haka ƙofar shiga ta fi ta 1982 faɗi. Da Dala ta haura Naira 1,500 a 2024, duk abin da aka iya yi a gida ya samu kasuwar da babu harajin kwastan da zai iya ba shi.

Shawarata ga ƙungiyoyinmu na nan Kurmi, na direbobi da na fataken shanu da na 'yan gwari da sarakunan Hausawa na Agege da Idi-Araba da Sabo ta Badun da Shagamu, ita ce in 'yan siyasar gida suka zo neman goyon baya, kamar yadda suka saba zuwa in zaɓe ya gabato, kada a tsaya ga alkawarin "za mu kawo kamfanin mota". A tambaye su sassa nawa ne na taraktocin da aka sayo aka rubuta cikin kwangila za a riƙa yi a jihar, kuma zuwa wace shekara, kamar yadda Jafanawa suka rubuta wa Austin. A tambaye su yaushe za a ja layin wuta na musamman daga Shiroro zuwa unguwar masu sana'a. Masu tireloli a cikinmu kuma, waɗanda ke kashe miliyoyi kowace shekara wajen ƙera bodi da sayen sifirin da birki a Ladipo da Anacha, su ma su yi lissafin nawa ne daga cikin kuɗin nan zai iya tsayawa a Minna, tunda dai ta Jihar Neja motocin nasu ke bi, a ɗauke da kaya in za su gangaro, sau da yawa kuma wayam in za su koma.